Moustapha Alassane: Bakaniken da ya ɗora kwaɗi kan karagar mulki

Da la'asar sakaliya, idan yaran unguwar Gomari da ke Maiduguri suka taso daga Islamiyya, akan ga wasunsu sun yi dafifi a bakin shagon cajin waya, kawuna a haɗe kan wayar wani yayansu, suna kallon kyanwa tana fafarar ɓera. Babu mai fassara musu komai, domin Tom and Jerry ba ya buƙatar tafinta. Tun 1940 William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro waɗannan abokan gaba biyu a Amurka, kuma har yau suna nan suna tsere a gidajen da ba a jin Turanci ko kalma ɗaya.

Da wuya a sami yaro a cikin wannan da'irar, ko ma yayan da ya ba da aron wayar, da ya taɓa jin cewa akwai wani mutum da ya zauna a garin Tawa na Jamhuriyar Nijar, tafiyar 'yan sa'o'i daga Sakkwato ta Illela da Birnin Ƙonni, wanda ya shafe kusan shekara 50 yana irin wannan sana'a. Sunansa Moustapha Alassane. Masana tarihin fim suna lissafa shi a matsayin wanda ya buɗe ƙofar zane mai motsi a Afirka kudu da Sahara. Biyu daga cikin finafinansa da aka fi sani suna ɗauke da sunayen Hausa, Aure da Kokawa, sai dai an rubuta su da ƙa'idar Faransanci. An nuna ayyukansa a Dakar da Wagadugu da Paris da New York, amma yawancin masu jin harshen da aka ciro waɗannan sunaye daga cikinsa ba su taɓa ganin ko minti ɗaya daga cikinsu ba.

Fitila, kwali da bango

An haifi Alassane a 1942 a N'Dougou, lokacin Nijar tana ƙarƙashin mulkin Faransa. Tun yana yaro ya shaƙu da zane, kuma ya gano cewa idan aka yanka siffar mutum ko dabba aka riƙe ta tsakanin fitila da bango, inuwarta takan yi girma, ta yi tafiya, ta yi faɗa da 'yar'uwarta. Da wannan dabara yake tara tsararrakinsa da dare yana nuna musu wasa.

Irin wannan wasa yana da dangi a ƙasashen nan tun kafin zuwan Turawa. Hausawa suna da dabo-dabo, inda mai wasa kan ɓuya a ƙarƙashin babbar riga yana ɗago 'yan tsana suna magana da siririyar murya, Barebarin Borno kuma suna da nasu da suke kira dogodogo. Da Turawan mulkin mallaka suka zo da motocin haska hoto a filin gari, sai Hausawa suka raɗa wa abin suna majigi. Abin da Alassane ya yi a rayuwarsa shi ne haɗa waɗannan biyun: ya ɗauki ɗan tsanan mai dabo da labarin kaka, ya shigar da su cikin majigi.

Sana'ar da ya fara koya ita ce kanikanci, kuma ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Mutumin da ya saba kwance inji ya mayar ba ya tsoron buɗe kyamara ya ga abin da ke cikinta, kuma idan wani ƙarfe ya lalace ba ya zaman jiran a aiko masa da sabo daga Turai.

A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniya kafin ya zama fitaccen mai ɗaukar finafinan al'adu. A cibiyar binciken zamantakewar ɗan'adam ta Yamai, wadda ake kira IRSH, Alassane ya koyi riƙe kyamara da yanka fim da haɗa shi. Nijar ta sami 'yancin kai a ranar 3 ga Agustan 1960, kuma shekara biyu bayan haka saurayin mai shekara 20 ya fitar da gajerun finafinai biyu da mutane suka taka rawa a cikinsu. Aouré ya bi yadda ake neman aure da ɗaura shi a wani ƙauyen Zabarmawa a bakin Kogin Kwara. La Bague du roi Koda, wato Zoben Sarki Koda, labarin wani azzalumin sarki ne da ya ba masunci ajiyar zobe, ya kuma ƙulla makircin da zai sa zoben ya ɓace domin ya sami hujjar kashe shi, sai zoben ya dawo a cikin kifi. Waɗannan finafinai sun riga Borom Sarret na Ousmane Sembène fitowa da shekara ɗaya, alhali shi ne fim ɗin da aka saba farawa da shi idan ana ba da tarihin sinimar Afirka ta Yamma.

Darasin Kanada

Da taimakon Rouch, Alassane ya tafi Kanada, inda ya zauna a Hukumar Finafinai ta Ƙasa da ke Montreal, ya kuma koyi aiki a wurin Norman McLaren. McLaren haifaffen Scotland ne, kuma ya yi suna da yin zane kai tsaye a jikin zaren fim ba tare da kyamara ba. Fim ɗinsa Neighbours na 1952, kan maƙwabta biyu da suka hallaka juna saboda fure ɗaya, ya ci kyautar Oscar. A lokacin da kamfanin Disney ke ɗaukar ɗaruruwan masu zane domin fim guda, McLaren yana nuna cewa mutum ɗaya da alƙalami da haƙuri zai iya yin fim. Babu darasin da ya fi wannan dacewa da ɗan ƙasar da ba ta da ko ɗakin wanke fim.

Yana da kyau mai karatu ya san nauyin aikin. Fim jerin hotuna ne marasa motsi da ake haskawa da sauri, 24 a kowane sakan, har ido ya ɗauka motsi yake gani. Mai ɗaukar fim ɗin mutane yana danna kyamara ne ta ɗauki hotunan da kanta. Shi kuwa mai zane mai motsi sai ya samar da kowane hoto da hannunsa: ya zana kwaɗo ƙafa a ƙasa, ya ɗauka, ya sake zana shi ƙafar ta ɗan ɗagu, ya ɗauka, haka har a gama taku ɗaya. Fim na minti biyar yana cin hoto 7,200. Ko da an yi dabarar ɗaukar kowane zane sau biyu, kamar yadda masu sana'ar suka saba, zane 3,600 ke jiran mutum. Idan ya kuskure a tsakiya kuma ba zai gani ba sai bayan an wanke fim ɗin.

Daga wannan zama ne La Mort de Gandji, wato Mutuwar Gandji, ya fito a 1965. Gajeren labari ne na fadar wani sarkin kwaɗi da fadawansa, kuma shi ake yawan ambata a matsayin zane mai motsi na farko da ɗan Afirka kudu da Sahara ya yi. Ana sa wannan iyaka ta Sahara ne saboda a Masar 'yan'uwan nan da ake kira Frenkel sun riga sun fito da Mish-Mish Effendi tun shekarun 1930. A 1966 fim ɗin ya sami kyauta a Bikin Fasahar Baƙar Fata na Duniya na farko, wanda Shugaba Léopold Sédar Senghor ya karɓi baƙuncinsa a Dakar.

Jamhuriyar kwaɗi

Aikin da ya fi fito da sunansa shi ne Bon voyage Sim na 1966, wanda za a iya fassara sunansa da A sauka lafiya, Sim. Tsawonsa minti biyar ne, zanen baƙi da fari, layuka 'yan kaɗan. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, sai takardar gayyata ta zo masa daga takwaransa na wata ƙasa. Daga nan sai fim ɗin ya bi duk wata al'adar ziyarar shugabanni kamar yadda sababbin ƙasashen Afirka suka gaje ta daga Turawa: rakiya zuwa filin jirgi, tarba, faretin soja, jerin gwano, da manyan baƙi masu kumbura wuya. Komai yana tafiya bisa tsari da girmamawa, sai dai duk masu yin abin kwaɗi ne, kuma nan dariyar take.

Mai kallo na wancan zamani ba ya buƙatar a yi masa bayani. A watan Janairun 1966 sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Farko a Najeriya. A ranar 24 ga Fabrairun shekarar aka hamɓarar da Kwame Nkrumah na Ghana yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi. Shekara takwas bayan haka, a watan Afrilun 1974, Seyni Kountché ya kawar da Diori Hamani a Nijar, sannan a Yulin 1975 Janar Yakubu Gowon ya sami labarin kifar da gwamnatinsa yana zaune a taron shugabannin Afirka a Kampala. Zamani ne da ake yawan buga take da ɗaga tuta alhali kujerar tana rawa, kuma Alassane ya hango abin dariya da abin tausayi da ke cikin wannan hali tun da wuri.

Zaɓen dabbobi ma yana da tushe. A Nijar ta wancan lokaci jam'iyya ɗaya ce ke mulki, kuma fito-na-fito da masu iko ba abu ne da ake kwana lafiya da shi ba. Tatsuniya ta daɗe da samar wa talaka mafita daga irin wannan matsi. Idan aka ce kura ta yi haɗama ko zaki ya yi hukuncin son kai, kowa a dandali ya san wanda ake nufi, amma babu wanda zai kai ƙarar mai labari wurin sarki. Alassane ya yi wa masu mulki hannunka-mai-sanda da bakin kwaɗo, dabbar da ƙararta ta fi jikinta, wadda kan cika dare da kuka bayan ruwan sama kamar ita ke da garin.

Kaboyi a bakin Kwara

Ko da yake da zane aka fi saninsa, bai tsaya nan ba. A shekarar da Sim ya fito, ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi mai suna Jimi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa. Suka sa malafa da takalman sau-ciki, suka ɗaura bindiga, suka sauya sunaye zuwa irin su Black Cooper, suka hau dawaki suna tayar da hankalin ƙauyensu da sata da faɗa, har wasa ya kai ga zubar da jini. A wannan fim ne Zalika Souley ta fara fitowa, wadda daga baya ta zama tauraruwar finafinan Nijar, tare da Djingarey Maïga, wanda shi ma ya zama darakta.

Gidajen sinima na Yamai a lokacin cike suke da finafinan kaboyi, kuma tambayar da fim ɗin ya ɗora ita ce abin da kan sami matashin da duk jaruman da yake gani a majigi baƙi ne, ba su yi kama da ubansa ba, ba sa magana irin ta garinsu. Alassane bai yi wa'azi a kai ba, kuma a bayyane yake cewa shi kansa yana jin daɗin finafinan kaboyin. Ya dai nuna yadda rigar aro ke zama a jikin wanda ya are ta.

A 1972 ya fitar da dogon fim mai suna F.V.V.A., haruffan farko na kalmomin Faransanci huɗu da ke nufin mace, gida, mota da kuɗi. Labarin wani ƙaramin ma'aikaci ne mai suna Ali da burin waɗannan abubuwa ya kai shi ga taɓa dukiyar da aka ba shi amana, ya ƙare a gidan yari. Fim ɗin ya sami kyauta a bikin FESPACO na Wagadugu a shekarar da ɗan ƙasarsu Oumarou Ganda ya lashe babbar kyautar bikin da Le Wazzou polygame. Shekarun nan su ne lokacin da ake ambaton Nijar kafaɗa da kafaɗa da Senegal a fagen fim. Bayan haka ya haɗa kai da Bajamushiya Anna Soehring suka yi Toula, daga labarin da Boubou Hama ya rubuta, kan wata budurwa da aka sadaukar ga aljanin ruwa domin a sami sauƙin fari, a daidai lokacin da farin farkon shekarun 1970 ke cin dabbobi da mutane a yankin Sahel. Ya kuma tsallako Najeriya ya ɗauki Shaki, kan naɗin sarauta a garin Shaki na ƙasar Yarabawa.

Ɗakin aiki a Tawa

Alassane ya shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai na tsawon shekara 15, amma a Tawa, babban garin ƙasar Adar, ya kafa gindinsa. Alaƙarsa da garin ta daɗe. Tun a ƙarshen shekarun 1960 ya ɗauki shahararren mai ba da labarin nan na Tawa, Albarka Tchibaou, a fim ɗin Deela, inda mai labarin ke zaune yana bayarwa da Hausa, hoto kuma yana nuna abin da bakinsa ke faɗa. A wannan aiki ana iya ganin yadda Alassane ya ɗauki sana'arsa: mai labari shi ne gaba, kyamara tana biye da shi.

A 1977 ya yi Samba le grand da 'yan tsana masu launi. Wannan salo ya bambanta da zane a takarda. Ana ƙera ɗan tsana mai gaɓoɓin da ke lanƙwasuwa, a tsayar da shi a ɗan ƙaramin dandali, a ɗauki hoto ɗaya, a ɗan gusa hannunsa, a sake ɗauka. Dole fitila ta tsaya a wuri ɗaya, kyamara kada ta motsa ko kaɗan, kuma idan gwiwar mai aiki ta bugi teburi to aikin yini ya tashi a banza. Labarin na wani jarumi ne da ya nemi auren gimbiya, ita kuma ta riƙa ɗora masa sharaɗi bayan sharaɗi, yana cikawa tana ƙarawa, har sai da mutuwa ce ta haɗa su.

Kokoa kuwa ya dawo da kwaɗinsa ne, wannan karon a filin kokawa, tare da hawainiya da tsuntsaye da sauran halittu, da makaɗa da 'yan kallo da kirari. Duk wanda ya san matsayin kokawa a Nijar, inda ake gasar neman takobi ta ƙasa tun 1975 kuma gari kan tsaya cik idan ana karawar ƙarshe, zai gane kowane motsi a cikin fim ɗin: zagayen da ɗan kokawa ke yi kafin a kama, tsafe-tsafen da ake ɗaurawa a damtse, da yadda fili ke rikicewa idan ƙarami ya kayar da babba. Yaro ɗan Sakkwato ko Gashuwa ko Gomari ba zai nemi a fassara masa wannan ba, kamar yadda ba ya neman fassarar Tom and Jerry.

A Tawa ya buɗe otal, ya mayar da wasu ɗakunansa wurin aiki, inda ya tara kyamarori da fitilu da 'yan tsana. Kuɗin kwanan baƙi ne ke taimaka wa fim. Ya kuma yi yawo da majigi a mota yana nuna finafinai a garuruwan da ba su da gidan sinima. Da kwamfuta ta zo, bai ce shi tsoho ba ne; ya zauna ya koyi yin zane da ita yana da shekara kusan 60, ya ci gaba da fitar da gajerun ayyuka a farkon shekarun 2000.

Gaskiya ne ayyukansa ba su da santsin na Disney. Motsin yakan yi tsalle, sautin wani lokaci ba ya fita sosai, kuma wasu finafinan na ƙarshe ba su kai na farko armashi ba. Wanda ya zo neman ƙyalli zai koma da ƙorafi. Abin da ke cikinsu shi ne idon mutumin da ya san jama'arsa, ya san yadda bafade ke rusunawa da yadda ɗan kokawa ke taku, da kuma barkwancin da ba ya cin mutunci.

A watan Fabrairun 2004 Jean Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni, Alassane yana cikin motar amma ya tsira. A 2007 Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur a bikin finafinai na Cannes, sannan Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong suka yi fim kan rayuwarsa. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015, yana da kimanin shekara 73.

Gadon da ya yi nisa da magada

Dalilan da suka sa mutanen yankinsa ba su san shi ba a fili suke. A zamaninsa, wanda ya ɗauki fim a Nijar sai ya aika da shi Turai a wanke, kuma galibin kuɗin aikin da wuraren nuna shi suna hannun hukumomin Faransa. Saboda haka kwafin finafinai da dama ya zauna a can, musamman a taskar Cinémathèque Afrique da ke Paris, wadda aka kafa a 1961. Yawancin bayanin da ke cikin finafinan da Faransanci aka yi shi, abin da ya sa iyakar da Turawa suka shata tsakanin Ƙonni da Illela ta zama iyakar masu kallo. Daga shekarun 1980 kuma tattalin arzikin Nijar ya shiga matsi bayan faɗuwar farashin yuraniyom, tallafi ya ja baya, gidajen sinima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 2017 gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke New York ya ware kwanaki yana nuna ayyukansa, wato mazauna Manhattan sun sami damar da mazauna Maraɗi da Maiduguri ba su samu ba.

A wannan ɓangaren iyaka, masana'antar finafinan Hausa ta taso ne ta wata hanya dabam. Ta fara da kaset ɗin bidiyo a Kano a 1990 da Turmin Danya, ta gina kasuwarta da kanta ba tare da jiran tallafin waje ba, ta kuma kai ga masu kallon da Alassane bai taɓa kaiwa gare su ba. Sai dai ta fi karkata ga soyayya da rikicin gidan aure, kuma ba ta ba yara wani kaso na a-zo-a-gani ba. Ƙoƙarin da ake gani a Najeriya ya fi fitowa daga wasu wurare: Bino and Fino na Adamu Waziri daga Abuja, da Lady Buckit and the Motley Mopsters na 2020, da Iwájú da kamfanin Kugali ya yi tare da Disney a 2024. Gizo da Ƙoƙi da Botorami, waɗanda suka fi kowa cancantar shiga wannan fage, har yanzu suna jiran wanda zai ba su aikin da ya kai darajarsu.

A Borno maganar ta wuce nishaɗi. Rikicin da ya ɓarke tun 2009 ya raba dubban iyalai da garuruwansu, ya tara su a unguwannin Maiduguri, ya kuma katse zaman dare da kakanni ke ba jikoki labari. Tsofaffin da suka riƙe tatsuniyoyin Kanuri da Shuwa da Babur da Marghi da Hausa suna raguwa kowace shekara, kuma duk wadda ta rasu da nata takan tafi. Muryar Albarka Tchibaou ta wanzu ne saboda wani ya ajiye kyamara a gabansa fiye da shekara 50 da suka wuce.

Abu biyu ne za a iya yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfin masu iya yin sa. Na farko shi ne dawo da finafinan gida. Gajeru ne, da yawansu ba su wuce minti 15 ba, kuma an riga an gyara wasu an mayar da su na zamani. Sassan koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo da zane a Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello za su iya neman izini daga masu haƙƙin mallaka, su haɗa kai da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, a ɗora musu muryar Hausa da Kanuri, a nuna su a makarantu da tashoshin talabijin na jihohi.

Na biyu shi ne ɗaukar hanyar aikinsa. Abin da ya fi wahalar da Alassane, wato tsadar zaren fim da jiran watanni kafin a wanke shi a ga sakamako, ya kau. Wayar da yaran Gomari ke kallon kyanwa da ɓera a cikinta tana iya ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya ta jera su, kuma akwai manhajoji na kyauta da ke yin haka. Yaran da ke ƙera mota da kara da gwangwani, suna gina shanu da raƙuma da laka bayan ruwan sama, sun riga sun iya rabin sana'ar. Abin da ya rage shi ne malamin da zai nuna musu yadda ake kafe waya a wuri ɗaya, a gusa saniyar laka kaɗan, a danna, a sake gusawa. Hoto 12 ya isa sakan ɗaya, hoto 720 ya ba da minti guda, wanda ajin firamare zai iya kammalawa a cikin zangon karatu ɗaya idan wata kaka ta ba su labarin da za su bi.